Tukunya Mai Jan Zare

Kano, Janairu

Kaltouma ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Malam Hamissou da yara. Inna da sauƙi, ta fara motsa hannun dama, sai dai magana har yanzu ba ta fita. Rubutu na zaɓa, don in na kira ki a waya zan faɗi abin da sai na yi istigfari.

Jiya na leƙa gurup ɗin matan masallaci, wanda rabona da shi tun bara, sai ga hoton tukunyar furen dafodil ɗina mai jan zare, furen nan mai saiwa kamar albasa, a kan teburin cin abincin Hajiya Zahara a unguwar Irving Park, tsakanin fulas da kwalin tishu. A ƙasa ta rubuta wai albasar Bebi ta zo musu baƙunta. Makullin ɗakin leda, inda nake rainon furannina, na bar miki, na ce ki riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Ban tuna na ce ki yi rabon zakka ba.

Kin san abin da ke cikin tukunyar nan? Shekara shida ke nan da na ɗebi garin ɗan farin furen nan mai fitowa a tsakiyar sanyi, na adana shi a firji, na shafa wa babban rawayan da sai Maris yake buɗewa. Irin ya tsiro siriri kamar ciyawa, ya yi ta zama yana kallona, sai bana ya ɗauki fure. Babu irinsa a ko'ina. In ya buɗe ya bushe ba a yi masa barbara ba, sai baɗi, in ya kai.

Kuma duk faɗin Greensboro ki rasa wa za ki ba sai Zahara? Matar da ta ce a gaban jama'a, ranar sunan jikanta, wai ina rainon albasar da ba ta shiga miya don ban samu abin goyo ba? Kin sani sarai tun ranar ban ƙara taka gidan kowa ba.

Ina jiran amsa. Ki huta lafiya.

Yayarki,
Bebi


Greensboro, Janairu

Yaya Bebi,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da jiki, Allah shi ƙara sauƙi. Mu lahiya lau.

Faɗanki ya iso. A sarbis, wajen aikina, na karanta shi lokacin hutu, sai da na sha ruwa. To ki ji. Ruwan ƙanƙara aka yi, itatuwa suka faɗo kan wayoyi, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a unguwarku ta McLeansville baki ɗaya. Da na je da safe na tarar hitar ɗakin leda a mace, ƙasar tukwanen bakin ƙofa ta yi tauri kamar siminti. Na kira ki, layi ya ƙi shiga. Apartma ɗinmu kin san ƙanƙantarsa, in na kwaso tukwanenki sai dai mu mu koma mota da zama. Sai na sa murya a gurup, na ce wadda ke da kuran da gareji ta yi magana.

Yaya, ban gama sa hijabi ba aka fara amsawa. Hamissou ya aro kamiyonet, 'yar motar kaya, muka yi ta jigila. Hindou ta Sedgefield ta ɗauki masu yawa. Maman Afnan ta fitar da keken motsa jikin mijinta waje don a samu wuri, ta ce dama shanya kawai yake yi a kai. Hajiya Zahara da kanta ta zo, har ta zame a ƙofar gidanki zaninta ya jiƙe. Ta tambaye ni wacce kika fi ji da ita, na nuna mata mai jan zare. Ta rungume ta, ta zaunar da ita a kujerar gaba, har da ɗaura mata bel.

Biyu na bakin ƙofa sun mutu, ba zan ɓoye miki ba. Mai jan zare kuwa bakinta ya fara tsagewa. In faɗa za ki ci gaba da yi, ki yi, amma ki haɗo da yadda ake barbarar.

Ƙanwarki,
Kaltouma


Kano, Janairu

Kaltouma,

Ina gaisuwa. Ki yafe mini maganar zakka. Sauran faɗan yana nan a hannuna, na rasa wanda zan ba. Allah ya saka muku ke da Hamissou, ya bar muku yaranku.

Yanzu aiki. A sauke tukunyar nan daga teburi yau, ɗumin falo zai kashe furen da wuri. Gareji, kusa da taga. Mijin da na zaɓa mata yana cikin tukunya mai shuɗin zare, ki binciko gidan da ya faɗa. In ta buɗe sosai, a nemi wani abu siriri mai tsabta, a lakato rawayan garin da ke cikin furen shuɗin, a ɗan taɓa kan tsinken da ke tsakiyar nata. Taɓawa na ce, ba kirɓa sakwara ba. Kada kowa ya yanke ganye don ya ga ya yi muni, kuma a gaya wa kowace gida albasar nan guba ce, a ɗauke ta daga inda yara za su kai.

Ki karanta wa Zahara wannan. Ki ce mata na gode. Iyakar abin da na ce ke nan, kada ki ƙara gishiri.

Bebi


Irving Park, Fabrairu

Zuwa ga Malama Bebi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi wa Mama addu'ar samun lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Kaltouma ce ta ba ni imel ɗinki.

Na rubuto in shaida miki an ɗaura auren furenki. Angon a gidan Hindou aka same shi, ita kuwa ta rantse ba zai fita ba rakiya, don haka ranar Asabar garejina ya cika da mata. Maman Afnan ta tsaya kai da fata sai an yanka sadaki, aka sasanta a kan alewa. Sabon tsinken kwalli na fasa don aikin. Na yi ta jero bismillah, har Hindou ta ce ko ranar nawa auren ban yi haka ba. Na taɓa yadda kika ce, ban kirɓa ba.

Hoton da aka tura miki bai yi mata adalci ba. Fara ce sol, tsakiyarta kalar man shanu, ga wani ƙamshi da sai an sunkuya ake jin sa. Yanzu furen ya bushe, amma bayansa ya kumbura kamar gyaɗa. Kaltouma ta ce ciki ne. Motar maigidana Alhaji a waje take kwana tun watan jiya, ya yi ƙorafi har ya gaji.

Saƙon godiyarki ya iso, na karɓa. Akwai maganar da ke tsakaninmu, amma ba ta imel ba ce. Tunda wuta ta dawo, Kaltouma na shirin tattara tukwanen ta mayar gidanki kafin ki iso. Tawa dai ba zan ba ta ba sai ƙwanson irin ya nuna.

Ki gaida mutanen gida.

Hajiya Zahara Rabiou


Kano, Maris

Kaltouma ƙanwata,

Ina gaishe ku duka. Inna ta kira sunana shekaranjiya, ta ce na cika surutu. Yayanmu Sanda zai karɓe ni wajen jinyarta, ina tafe ƙarshen wata.

Kada ki tattara komai. Ki bar kowace tukunya inda take, ni zan bi gida-gida in ɗauko abina in yi godiya da bakina. Ke kika san gidajen, ke za ki ja mota. Da Irving Park za mu fara, tun ina da ƙarfi. Ki ce mata ta dafa shayi da yawa.

Yayarki,
Bebi