Ranar da Na Ɗaure wa Nasiru Ido

Ƙofar Gayan, Zariya.

Zuwa ga ƙanena Alhaji Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya, da yara, da zaman Fatakwal. Mu nan sai godiya.

Har yanzu ni ke tattara aikin 'yan sa-kai a kan furogiram ɗin nan na kyauta mai karanta wa makafi rubutu a kwamfuta. Ranar Asabar ɗanka Nasiru ya kawo nasa gyaran a faifai, yana fara'a. Ya cika shi da launuka, kuma ba abin da ke buɗuwa sai mutum ya gani ya danna.

Na ɗaure masa ido da rawanina a gaban kowa, na ce, "Injiniya, bismilla, buɗe mana aikin naka." Ya yi ta lalube har ya ture mini shayi. Malama Binta, makauniyar da ke gwada mana aiki, ta ce, "Baba, ya isa, a bar shi ya gyara." Ban bari ba. Na goge aikin, na sallame shi. An ce tun ranar bai fito daga ɗaki ba.

A gaida Hajiya, a sa mu a addu'a. Shi kuwa a roƙa masa wata sana'ar.

Yayanka,
Malam Isiyaku