Lambatun da Ya Tsaya a Bayan Gidan Malam Iro

Zuwa ga Shugaban Aikin Ruwan Famfo da Magudanai na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya, iyali lafiya, ma'aikatanka ma duk lafiya. Sunana Hauwa'u, matar Malam Audu manomi, a Gude ta ƙasar Kabo. Sana'ata daddawa, wurin mahaifiyata na gaje ta, kuma 'yan sari na kasuwar Gwarzo sun san ƙofar gidana.

Da godiya zan fara, don ita ta fi yawa. Mai daddawa ba ta rabuwa da ruwa: da shi ake dafa kalwa, da shi ake wanke ta bayan an surfa. Kafin aikinku, in bazara ta yi, rijiyar unguwarmu laka take ba mu, sai in sayi ruwa wurin 'yan ga-ruwa, ribar ta ƙare a can. Shekarar da amai da gudawa ya shigo gari kuwa, kusan babu gidan da ba a yi jinya ba. Da aka ce gwamnati ta ciwo bashi za a jawo mana ruwa, ba mu gaskata ba, don ana cikin tsuke bakin aljihu, taki ma ya gagari manomi. Sai ga tanki an kafa, famfo na zuba a bakin masallaci da tsakiyar unguwa. Yau ruwan da nake sha garai yake. Allah ya saka da alheri.

Kukana biyu ne.

Na farko, lambatu. An gina shi da siminti tun daga famfo, ya bi ta ƙofar gidana, amma maimakon ya kai kwarin bayan gari kamar yadda aka auna, sai ya tsaya a bayan gidan maƙwabcinmu Malam Iro, ladanin masallacinmu. Ma'aikata suka kwashe kayansu, suka ce sai bayan salla. An yi ƙarama, an yi babba, shiru. Ruwan wanki da wanke-wanken unguwa duk can yake taruwa, amma nawa ake ganewa, don ruwan kalwa baƙi ne, warinsa kuma ba ya ɓoyuwa. Katangar Malam Iro ta ƙasa ce. Gindinta ya jiƙe, wani sashe ya rufta ya danne masa akuya ta mutu. Dattijo mai haƙuri, abokin mijina tun suna yara, sai ga shi ya kai ƙarata gaban alƙali. Ban ga laifinsa ba, amma ranar na yi kuka. Na kife tukwanena, na daina dahuwa.

Alƙali ya aiko aka duba wurin. Ya ce shari'a ba ta yarda maƙwabci ya cuci maƙwabci ba, sai dai ba ni na zaɓa wa ruwan nan hanya ba. Ya nemi mu yi sulhu. Mijina ya taya Malam Iro tayar da katangar, ni kuma na kai masa 'yar akuya. Ya ƙi karɓa, sai da liman ya sa baki. Bayan nan Malam Iro da kansa ya aiko matarsa ta ce in koma sana'ata, miyar gidansu ta yi lami. Mun shirya, alhamdulillahi. Yanzu da bokiti nake kwashe ruwan kalwa in kai rami a gona. Amma kududdufin yana nan, sauro ya samu gida, ga damina ta matso.

Na biyu, maganar bashin. Mun ji za a riƙa karɓar wani abu duk wata don a biya shi. Ba mu ƙi ba. Amma a zo a gaya mana da Hausa: nawa ne, har zuwa yaushe, kuma ko akwai riba a kansa. An tambayi liman, ya ce shi ma bai sani ba, kuma ba zai yi fatawa a kan abin da bai sani ba. Mutane na son hankalinsu ya kwanta.

Saboda haka ina roƙo, ranka ya daɗe, a ƙarasa lambatun kafin ruwa ya sauka. In kuɗin aikin ne suka yanke, a ba mu siminti da magini. Mazan unguwa sun yi alkawarin haƙa da gayya, mu mata mu dafa musu. A kuma turo wanda zai zauna da mu a ƙofar gidan mai unguwa ya yi mana bayani.

Malam Iro ya ji ina rubuto maka, ya ce in gaishe ka. Ya ce shi ya yafe, zai kuma iya jira, amma sabuwar katangar ma ta ƙasa ce.

Allah ya ba ka ikon sauke amanar da ke kanka, ya kare ka daga haƙƙin talakawa, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Hauwa'u mai daddawa,
Gude.