Amfilifayar da Maƙwabta Ba Sa Ji

Zuwa ga yayana, marigayi Habu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan makwancinka ya yi sanyi.

Jitarka tana wurina a Ƙaraye. Amfilifayarka kuwa ta ƙone tun kana da rai, shi ya sa makon jiya na shiga Kano neman wata. Niyyata in naɗi kiɗe-kiɗenka a kwamfuta kafin su zube daga kaina, tunda ko kaset ɗaya ba ka bari ba.

Mai shagon ya fito mini da guda biyu. Ɗaya babba ce irin taka, sautinta mai kauri, amma ba ta yin daɗi sai an ƙure ta. Ɗayar ƙarama ce, tana aiki da batir, tana kai sauti kwamfuta kai tsaye, kuma idan aka jona mata hedifon lasifikarta takan yi shiru. Kunnena ya zaɓi babbar. Da ƙaramar na fito.

Na ce masa saboda matsalar wuta ne. Ba ƙarya na yi ba, amma ba shi ne dalilin ba. Hauwa, 'yata da kai ka raɗa wa suna, ta kawo wanda take so daga Beli, kuma danginsa suna bincike. Ba na so a tambayi maƙwabta su ce ai gidan makaɗa ne.

Kai kuwa, Yaya, a ƙofar gidanmu na Rogo Sabon Gari kake kafa taka bayan an cire gyaɗa. Ka jona ta da batirin mota, jama'a su zauna kan buhuna. Kakan ce mini, "Ƙara murya, Sani, na bayan katanga ma mutane ne."

Jiya bayan la'asar Innarmu ta shigo ɗakina, don ta jiyo ƙaras-ƙaras ɗin tsirkiya. Na sa mata hedifon, na kaɗa mata kiɗan da kake rufe taro da shi. Ta saurara har ƙarshe, leɓenta na motsi. Da ta cire, sai ta tambaya ko akwai marar lafiya a unguwar. Na ce babu. Ta dube ni, sannan ta ɗauki sandarta ta fita.

Ran Juma'a mutanen Beli za su zo. Lasifikar ƙalau take, waya ɗaya kawai zan zare a ji ka har bakin titi. Na san wayar, Yaya. Har yanzu tana jone.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Ni kuma ya ba ni zuciyar da zan zare ta Inna na da rai.

Ƙaninka,
Sani