Abin da Baba Ya Gani a Kakau

Unguwar Sanusi, Kaduna

Zuwa ga yayana Isiyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Ladi da yara, Ya kuma sassauta muku sanyin da na ji an ce ya fara shigo muku. Mu nan muna lafiya, sai godiyar Allah. Maigidana Zakariyya'u an mayar da shi aikin safe, 'yarmu Ummi ta koma makaranta, ta yi tsawon da ba za ka gane ta ba. Damina ta ɗauke, an fara cin sabuwar masara. Ni ce dai gajiya ta zauna wa a jiki, irin wadda barci ba ya maganinta. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda duk sanda ka kira ina gidan Baba, yana zaune kusa da ni, kunnensa kuwa ka san yadda yake.

Za ka tuna bayan rasuwar Mama ka aiko wa Baba da ƙunshin takardun nan da ka kwafo daga ɗakin karatun jami'ar da kake aiki, wasiƙun da wasu masana taurari biyu suka riƙa yi wa juna a ƙarni na goma sha tara. Na san alheri ka nufa. Tun yana aikin safiyo Baba yake son kallon sama, ka ga kuwa zai sami abin ɗebe kewa. Ya yi murna ƙwarai, har ya ɗauki alwashin mayar da su Hausa ya yi littafi. Ba a daɗe ba ya ce mini rubutun mutanen zamanin da ya cika ƙanƙanta da lanƙwasa, in riƙa zuwa ina karanta masa. Tun daga ranar, in na tashi daga makarantarmu ta Makera, ban da gida ban da hutu, sai Unguwar Mu'azu. In karanta, ya fassara, in rubuta, ya ce in soke, in sake. Sai an yi Magariba nake neman keke in koma in ɗora tukunya. Kai ka aiko da kyautar, Yaya, amma a kaina ta sauka. Ban faɗa don in ɓata maka ba.

Mutanen nan biyu har na san su kamar maƙwabta. Baba ya raɗa musu suna: na can arewacin Turai Malam Ƙorafi, na ƙarshen kudancin Afirka Malam Haƙuri. Na ɗauka zan tarar da abubuwan al'ajabi, sai na tarar da gajiyayyun mutane irina. Malam Ƙorafi kullum gajimare ya rufe masa sama, rufin ɗakin kallon taurarinsa yana yoyo, hukuma ta ƙi gyarawa, gwiwarsa tana ciwo saboda hawan tsani. Malam Haƙuri kuwa madubinsa ya dushe, mataimakinsa ya gudu, amma yana ta auna wata tauraruwa mai wutsiya yana aika wa abokinsa lissafi. Wasiƙa takan yi watanni a jirgin ruwa, kafin ta isa tauraruwar ta daɗe da wucewa, amma ba su fasa ba. Baba yakan yi dariya har ya share hawaye. Ni kuwa wani lokaci idona ya rufe ina tsakiyar layi, sai in ji ya ƙwanƙwasa sandarsa a ƙasa.

To, a watan jiya aka faɗa a rediyo cewa wata tauraruwa mai wutsiya za ta riƙa bayyana ta yamma bayan faɗuwar rana. Baba ya tashi tsaye. Ya sa na fito da tsohuwar na'urarsa ta hangen nesa daga bayan kwaba, ƙafarta ɗaya ta karye. Ya aika wa Baba Sylvester, abokinsa bakaniken nan na Kakuri da ke gyara masa mota tun muna yara, ya zo ya ɗauka, ya yi mata walda ya dawo da ita tana ƙyalli. Sai dai daga tsakar gidanmu ba a ganin yamma yanzu, saboda benen da aka gina a bayanmu, ga kuma fitilun masu janareta ko'ina. Baba Sylvester ya ce akwai gonar surukarsa Madam Judith a Kakau, fili fetal, ba fitila. Na ƙi. Na ce hanyar nan ba a bin ta da yamma saboda rashin tsaro, kowa ya sani, kuma Baba ba shi da ƙarfin wannan tafiya. Baba bai yi mini musu ba, ya dai daina cin abincin kirki. Zakariyya'u ne ya ce in haƙura a kai shi, da sharaɗin mu juyo kafin Isha'i.

Mun tashi bayan La'asar a tsohuwar fijon Baba Sylvester, mu uku. Madam Judith ta shimfiɗa mana tabarma a bakin gonar dawarta, ta kawo ruwan alwala da dafaffiyar gyaɗa. Muna idar da Magariba, jan sama yana dushewa, sai ga ta nan, Yaya. Ko ba na'ura ana ganinta, fara-fara, da wutsiyarta a miƙe sama kamar an ja alli a kan allo aka shafa da hannu. Madam Judith ta kama baki. Baba Sylvester ya kafa na'urar ya saita, ya kama hannun Baba ya kai shi. Wajen sunkuyawa kafaɗar Baba ta bugi bututun ya juya, ni da Baba Sylvester muka gani, muka jira ya ce a gyara masa. Bai ce ba. Ya ɗora idonsa, ya daɗe, sannan ya yi tasbihi ya fara bayyana mana abin da yake gani: kai mai haske kamar fitila a cikin hazo, wutsiya ta rabu biyu, ɗaya ta ɗan karkata hagu. Nan take na gane kalmomin. Na Malam Haƙuri ne, ni na karanta masa su da bakina a makon da ya wuce. Da ya matsa na leƙa, ba komai a ciki sai duhun itacen ɗorawa.

Baba Sylvester ya dube ni, na dube shi, ya shiga naɗe kaya yana zancen man mota. A hanya Baba ne kaɗai yake magana, yana ta murna, ni kuwa ina baya ina tuno abubuwan da na riƙa gani ban lura ba: yadda yake lalubar kofi, yadda ya daina zuwa masallacin Asuba wai saboda gwiwa, yadda ba ya kiran sunan mai shigowa sai ya yi sallama. Kullum ina gabansa, amma idona yana kan takarda.

Washegari ban ɗauko takardun ba. Na zauna kusa da shi na faɗa masa abin da na gani a na'urar. Na zaci fushi zai yi. Sai ya ce mini abin ya faro tun Mama tana da rai, ita kaɗai ta sani, ita ke karanta masa komai, kuma shi ya hana ta faɗa. Ya ce yana tsoron in muka sani za mu ɗauke shi daga gidan da ya gina mu ajiye shi a ɗakin wani, a riƙa yi masa magana da ƙarfi kamar kurma. Ya ce a Kakau bai yi niyyar ƙarya ba, ya ji muna ta murna ne, ya ga an sha wahala saboda shi, ya kasa cewa duhu kawai yake gani. Na yi kuka, shi ne ma ya koma yana ba ni haƙuri.

Na kai shi asibitin ido. Likita ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa. Idon hagu ya tafi, ba ya dawowa. Na dama akwai saura kaɗan, kuma in aka yi aiki da wuri ana sa ran tsayar da shi inda yake, amma ba ta yi alkawari ba. An sa mana farkon watan gobe. Kafin nan akwai maganin ɗigawa safe da yamma, wanda ba ya iya sa wa kansa, don haka yanzu sau biyu nake zuwa. Shugabar makarantarmu ta fara yi mini magana a kan latti, Ummi ce ke riƙe da girki, Zakariyya'u ma na ga abin ya fara yi masa nauyi. Littafin kuma Baba ya ce ba a dainawa, sai mun ga yadda Malam Haƙuri ya ƙare da tauraruwarsa. Na yarda, amma shafi ɗaya a rana.

Yaya, ba kayan aike nake nema ba, kada kuma ka ƙaro wasu takardun. Kai nake so ka zo. Ka nemi hutu ka zauna da shi lokacin aikin da bayansa, ka karanta masa da muryarka, ni ma in kwana ɗaya a ɗakina ba tare da na farka ina lissafin magani ba. Na riƙe iya ƙarfina, ƙarfin ya kusa ƙarewa.

Ka gaishe mini da Anti Ladi da kyau, da Sadiya da Auta, ka ce Gwaggonsu tana kewarsu. Zakariyya'u da Ummi suna gaishe ka, Baba Sylvester ma ya ce in miƙa gaisuwarsa. Baba ya hana ni sanar da kai, na ce masa wannan karon ba zan bi maganarsa ba. Sai ya ce to in gaya maka, in ka iso Kaduna da duhu ka sauka a gidana, kada ka shigo masa sai rana ta fito sosai, don a lokacin ne yake iya gane fuska.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Khadija