Kalmar da Gautier Bai Faɗa Ba

Zuwa ga ƙanena Renier,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Aalis da yara. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ciwon ƙafarta, kullum sai ta tambaya ko autanta yana cin abinci.

Ka riga ka ji cewa ubangidanka na Rocheval da namu na Vaubrun sun ɓata, an sa ranar fita yaƙi bayan yankan inabi. Abin da ba ka ji ba shi ne mijina Gautier zai fita, kuma ba a ɓangarenku ba. Kada ka yi saurin fushi, na san ka. Gonar inabin da na shigo da ita gidan nan ta ubangidanka ce, Gautier ya yi masa caffa a kanta tun aurenmu. Bara kuma namu ubangidan ya kira shi ya yi masa caffar da ake ce wa lij. Limamin cocinmu ya ce kalmar tsohuwa ce daga bakin kakanni, ana nufin mutumin da ya kwance kowace igiya ya bar guda ɗaya. Mai iyayen gida biyu, in zai yi irin wannan caffa, yakan ce ya ba da kansa, ban da amanar da ke tsakaninsa da wane. Kwana uku ina maimaita wa Gautier wannan magana. Ranar caffar ya cire hula, ya ajiye takobi, ya durƙusa ya sa hannuwansa cikin na tsohon ubangidanmu. Tsohon ya kira shi da sunan marigayi babansa, sai hawaye suka zo masa, maganar ta tafi, ya rantse bai ware amanar ubangidanka ba. Ka san surukinka, jiki kamar bijimi, zuciya kamar man shanu.

Na yi faɗa har na gaji. Na ce ya koma ya gyara, ya ce abin da aka rantse a gaban shaidu ba riga ba ce da za a sake ɗinkawa. Zai tura muku mutum da doki saboda gonar, kamar yadda aka saba, shi kuwa da kansa zai bi namu. Tun da aka sa rana ba ya iya cin abinci. Ya ce in gaya maka ba ya neman komai a wurinka, ka riƙe amanarka yadda zai riƙe tasa.

Shi ke nan nasa saƙon. Nawa kuma ga shi, don tsoro nake ji, Renier. In an rufe fuska da kwalkwalin ƙarfe ba a gane kowa. Saboda haka na hana shi hawan sabon dokinsa, na ce sai dai tsohon dokin Baba mai farin goshi, wanda ka koyi hawa a kansa. Ya ce dokin ba ya gudu. Na ce na sani.

Ka gaida Aalis, da Perrin, da ƙaramar Mahaut. Inna ba ta san komai ba, kada ka rubuto mata. In ka hango farin goshin nan, ka san wanda ke kai.

Yayarka,
Hersende