Ciwon Alassan Ba Shi da Suna a Hausa

Gaya, bayan ƙaramar salla, 1964

Zuwa ga aminina Alassan, a Zugu ta ƙasar Dahome,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, ya ƙarfin jiki? Mu nan lafiya lau. Sallau mai rubutu a bakin kasuwa ne ke riƙe da alƙalami, amma bakin nawa ne, na kuma hana shi gyara mini magana.

Tun da rigimar tsibirin Lete ta sa aka sallami ma'aikata ƴan Dahome, ka ajiye jakar gidan waya ka haye gada zuwa ƙasarku, hira ta mutu a unguwarmu. Ga shi ɗanka Isufu ya aiko cewa ba ka ci, ba ka magana, ka rame. Wai likita bai ga komai ba, ya ce sunan abin "depeyizma" da Faransanci. Na ce Sallau ya juya mini. Ya ce kewa. Na ce kewa ba ta kwantar da ƙato. Ya ce to baƙunci. Ina mutum zai yi baƙunci a garin da aka yanke cibiyarsa? Sai ya ce Hausa ba ta da kalmar.

Ni da na riƙe sunan kowace yunwa da kowace ambaliya da aka yi a garin nan, ba za a ce ciwon aminina ne ya gagare ni ba. Zan nemo sunan, in an samu suna magani ba ya wuya. Kai dai ka sha ko da kunu ne.

Naka,
Na'Allah

Gaya, farkon bazara

Alassan,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, na yi yawon tasha har ƙafa ta kumbura. Wani Buzu mai gishiri ya ce su "asuf" suke cewa: abin da ke kama mutum in ya iso inda danginsa suka yi zango ya tarar sun tashi, sai toka. Wata tela ƴar Wida ta Dahome da ke aure nan ta ce kakanninta sun taho da "sodadi" daga Birazil, wai kewa ce mai zaƙi da mai ita ba ya son ta warke. Na ce ta riƙe abinta, naka ba zaƙi cikinsa.

Kowa da tasa kalmar, kowace ta kusa, ba wadda ta zauna daidai. Abu guda na lura: duk wanda ya faɗa mini tasa, sai ya zauna ya yi ta ba ni labarin gida, ya tashi fuska a sake. Kai wa kake ba labarin Gaya a can?

Isufu ya ce in nemi mai sayen gidanka. Gaya masa na ƙi. Tunda an rufe gada, sarkawan ƙauyen Tounouga sun yarda su ƙetare da ni a kwalekwale. Ka tanadi tabarma.

Na'Allah

Zugu, kafin babbar salla

Zuwa ga uwargida Ajuma,

Ina gaishe ki da yara, da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi. Na sauka lafiya, ki daina faɗa.

Na tarar da Alassan kamar kara. Ban yi masa sannu ba. Na ce masa ashe ƴan Zugu rowa gare su, ko ɗansu ba su ciyarwa. Ya harare ni, ya ce ni da na zo hannu rabbana. Sai na kwance busasshen kifin da kika ɗaura. Aka yi miya. Yana loma ta uku ya dubi bango ya fara yaba ginin, wai bai taɓa ganin katanga mai hankali irin wannan ba. Santi, Ajuma! Na yi dariya har na ƙware.

Isufu ya tambayi abin da ya faru don ya gaya wa likita. Na yi masa bayani, ya juya Faransancinsa sama da ƙasa, ya ce su ba su da kalmar. Na ce to a ce wa likita ya cinye, ya nemi ƙari.

Sunan ciwon har yau ban samo ba, na kuwa bar nema. Jiya da ƙafarsa ya je masallaci. Ana ta cewa za a buɗe gada. Ba zan taho ba sai tare da shi. Ki sa a share ɗakinsa, a gyara rufin kafin ruwa ya sauka.

Mijinki,
Na'Allah