Fitilun Tirelarka Suna Cikin Bokiti, Alhaji

Zuwa ga Alhaji, mai tirelolin hatsi da ke kwana a garejin bayan Palladan.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukiya. Ban rubuta sunanka ba, domin duk mai bin titin Samaru ya san motocin da nake nufi, masu baƙin tampol.

Ni ma'ajin kaya ne a wata makaranta a Samaru, karatuna bai wuce sakandare ba. Na saba rubuta abin da ya same ni kowace rana, kuma ba na yarda da abin da na gani sai na koma na sake dubawa. Shi ya sa wannan wasiƙa ta makara har aka gama girbi.

Ga abin da ya faru. Ƙanena Habibu tela ne a kasuwar Sabon Gari. Wata rana da damina, bayan sallar magariba, ana yayyafi, ya ɗauko 'yarsa Nusaiba daga gidan ƙanwarmu a Hanwa, za su gida a babur. Ɗaya daga cikin tirelolinka tana juyawa za ta shiga gareji. Kan motar ya riga ya tsallaka, bodin kuma yana gicciye a titi daga wannan gefe zuwa wancan. Habibu ya ga haske ya wuce, ya ɗauka hanya ta buɗe, ya shige ƙarƙashin bodin. Nusaiba tana zaune a gabansa, a kan tanki. Washegari muka kai ta makwancinta. Shi kuma ƙugunsa ya karye, yana kwance a ɗakina har yau.

Na farko, maganar manajanka. Ya zo asibiti da buhun shinkafa, ya yi ta'aziyya. Sannan, a gaban Maryam, uwar yarinyar, ya ce tirela fa ba allura ba ce, yana mamakin telan da ke ganin kafar allura amma bai ga tirela ba. Har da 'yar dariyarsa. Tun daga ranar Maryam ba ta sake kallon fuskar mijinta ba. Ana gama zaman makoki ta koma gidan iyayenta. Abin da ya fi muni, Habibu ya yarda da maganar. Kullum da safe in na kai masa koko sai ya tambaye ni yadda aka yi bai gan ta ba. Kokon yakan huce a inda na ajiye shi.

Na biyu. Ni ma ban san yadda aka yi bai gan ta ba. Saboda haka na riƙa zuwa wurin da magariba ina tsayawa, har motarka ta zo juyawa. Kan motar kamar gidan biki: shuɗi, kore, ja, wasu ma suna ƙyaftawa. Bodin kuwa babu fitila ko ɗaya. Alhaji, a tsaye nake, ba a babur ba, ba a ruwa, na san tana nan, nemanta nake yi, amma hasken kan ya kashe mini ido, ban ga bodin ba sai da fitilar wata mota ta daki tayoyinsa. Na ce ƙila idona ne, shekaru sun fara ja. Na je aka gwada idon, aka ce lafiyarsa ƙalau. Na koma da maƙwabcina ba tare da na gaya masa abin da zai duba ba. Shi ma bai gani ba.

Na uku, kuma wannan ne dalilin rubutun. Na shiga garejinka da rana. Kowane bodi yana da gurbin fitila a baya da gefe, amma guraben fanko ne, sai wayoyi a naɗe. Wani dattijon direba, wanda ba zan siffanta ba don na san abin da za a yi masa, ya ɗauko wani bokitin fenti daga bayan kujera. Cike yake da fitilu, ja na baya da ruwan ɗorawa na gefe, wasu ko ƙura ba su yi ba. Ya ce dokar gidan ce, in ɓarawo ya kwance fitila a tasha, a albashin direba za a cire. Don haka direbobin ne ke riga ɓarawon kwancewa, su ɓoye, sai ranar duba motoci su mayar. Na kan motar ba a taɓa su, saboda a nan direba ke kwana.

Ke nan ka sayi fitilun. Ba talauci ba ne, ba rashin sani ba ne. A daƙiƙar da kan Nusaiba ya gamu da ƙarfen motarka, fitilun da za su hana hakan suna cikin bokiti lafiya lau, ko ɗaya bai fashe ba. Dukiyarka ta tsira, Alhaji. Na kuma lura allon sunanka da ke ƙofar garejin yana da fitilar sola, ana karanta shi tun daga nesa.

Wataƙila akwai abin da ban gane ba a harkar mota, in akwai a gyara mini. Amma ga roƙona.

Ka soke dokar cire wa direba. Ka sa a yi wa kowace fitila kejin ƙarfe, duk mai walda a Sabon Gari zai iya. Ka manna tef mai ƙyalli, ja da fari, a tsawon bodin da bayansa, ba ya cin batir, ɓarawo kuma ba ya sonsa. A duba wayar da ke haɗa kai da bodi kafin mota ta fita. In za a juya a bakin gareji, mutum ya tsaya a titi da fitila mai walƙiya, ba reshen dalbejiya ba.

Na ƙarshe ya fi duka. Manajanka ya ɗauki bokitin nan da hannunsa, ya kai gidan iyayen Maryam, ya buɗe a gabanta, ya faɗa mata inda fitilun suke a ranar. Daga can ya zo ɗakina ya nuna wa Habibu. Ni na riga na faɗa musu su biyun, sun ce ɗan'uwa ne ke kare ɗan'uwansa. Bakin da ya ɗora masa kisan 'yarsa, shi ne zai sauke. In ya zo ya tafi da shinkafarsa, ba mu kwance bakin buhun ba.

Allah ya ƙara maka arziki. Allah ya tsare 'ya'yanka a hanya, ya sa duk tirelar da za su tarar a gicciye da magariba tana da fitila, ko da taka ce.

Wassalam.

Yakubu, yayan Habibu,
Samaru.